Ƙasan Teku a Cikin Tiren Kyandir

Makon jiya ɗalibai uku suka same ni a bayan ɗakin gwaje-gwaje ina kankare tire. Ɗayansu, wani dogo mai farin tabarau, ya tsaya a kaina ya ce, "Baba Bawa, wai aikin da ka yi shekara talatin kana yi ke nan? Narka kyandir?" Na ce shi ke nan. Ya ce ai ko ƙanwarsa ta firamare za ta iya. Ban yi musu da shi ba. Na hura masa gawayi, na miƙa masa mafici da wuƙa, na ja kujerata inuwar dalbejiya na zauna. Kafin a kira azahar ya ƙona yatsa biyu, ya yi wa wandonsa ado da farin ɗigo har gwiwa, abin da ke cikin tiren kuwa ya zama kamar kokon da aka manta a kofi. Saboda shi da ire-irensa na ga ya kamata in faɗi yadda sana'ar nan take, tun bakina yana da sauran haƙora.

Ni mutumin Tsafe ne, kafinta ɗan kafinta. In aka tambaye ni sana'ata a tasha nakan ce ina ƙera kayan koyarwa: duniyar kwali mai juyawa a kan ƙusa, dutsen laka mai aman wuta, huhun roba da ake hurawa. Duk na yi su, kuma sun ciyar da iyalina. Amma abin da ya sa daga Tsafe har Bungudu ake ce mini Bawa Mai Teku shi ne tiren kyandir.

Gyaran benci ne ya kai ni wata makarantar sakandare a Tsafe, lokacin ina da mata da 'ya ɗaya. Ina buga ƙusa a baranda sai na ji malamin labarin ƙasa yana ta faɗa a cikin aji. Sunansa Malam Isiyaku, mutumin Wonaka, gajere, mai ƙaramar hula da babbar murya. Ya leƙo ta taga ya gan ni.

"Kai kafinta, taho nan. In anka manna katako biyu, anka ja su da ƙarfi, ina za su rabu?"

"A kan mannin, Malam. A miƙe."

"To ƙasan teku bai san miƙe ba. Wata ukku ina hwaɗa ma yaran ga. Sun hardace tsab, amma ba wanda ya yarda."

Ya jawo ni gaban taswira, da gudumata a hannu. Ya nuna mini tekun Atilantika, ya ce a tsakiyarsa, can ƙarƙashin ruwa, akwai wata doguwar kunya irin ta gona, sai dai ita ta duwatsu ce, kuma ta miƙa tun daga saman duniya har ƙasanta. A kan ƙoƙuwarta akwai kwari mai zurfi. A nan ɓawon ƙasa yake tsagewa, rabi ya yo wajenmu, rabi ya nufi Amurka. Narkakken dutse ya taso daga ciki ya cike tsagar, ya huce, ya zama sabon ƙasan teku. Sai ya sa yatsa ya bi kunyar a hankali. Na ga ba a miƙe take ba. A yanke take gaɓa-gaɓa kamar rake, kuma kowace gaɓa ta goce gefe ta bar 'yar'uwarta, kamar matakala. Ya ce ya karanta cewa wasu masana sun taɓa nuna wannan da narkakken kakin kyandir. Shi yana da karatun, ba shi da hannun. Ni ina da hannun. Ranar ban gama bencin ba.

Kafin ya bar ni in taɓa komai, ya kama babban yatsana ya sa reza ya yi ɗan zane a gindin farcen. Ya ce, "Ka ƙera tiren, ka yi mani hihita. Amma ba ka taɓa mariƙin ja sai zanen ga ya kai bakin hwarce." Na yi sati shida ina fifita, ina duban farce, farce yana dubana. Da na gaji sai na goge zanen da takardar yashi, na ɗauki ɗan zarto na yi wani can kusa da baki, na kai masa. Ya ɗaga yatsan ya juya shi a rana.

"Ikon Allah," ya ce. "Na yi zane da reza, ya girma ya koma na zarto."

Ya sake yin sabo a gindi, aka koma farko. Sai da na yi wata biyar da wani abu kafin zanen ya iso baki. Ranar ya ce mini, "To da irin saurin ga Afirka ke nisa da Amurka. Akwai kunyoyin da ke buɗewa da sauri a wasu tekuna, su sumul suke. Tamu ta nawa ce, shi ya sa ta fi kwari da yawan gaɓoɓi. Wanda bai iya jiran hwarce ba, ba ya iya jan teku."

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa ake raina su. Tire na ƙarfe ne, tsawon hannu, zurfin yatsa uku, wani maƙeri ya buga mini shi daga gindin tsohon duro. A ƙarƙashinsa gwangwanin madara uku, kowanne da garwashi biyu ko uku a ciki. A gefe ɗaya akwai cibiyar ƙafar keke da na kafa a kan katako, na sa mata mariƙin keken ɗinki. Daga cibiyar zare ya tafi ya kama wata siririyar sanda da ke kwance a kan kakin. Sai mafici da wuƙa. Za ka narka kakin ya zama ruwa, ka yi fifita har fata ta kwanta a sama, kaurin ganyen albasa biyu, ba ɗaya ba, ba uku ba. Ka yanka fatar daga gefe zuwa gefe, ka fara juya mariƙi, juyi ɗaya a numfashi uku. In ka yi sauri tsagar ta buɗe baki kamar rijiya, ruwan kaki ya yi ta kallonka. In ka yi nawa fiye da kima ta daskare, zaren ya tsinke. In mai fifita ya tsaya sosa wuya, an gama.

Karo na goma sha wani abu ne muka dace, wata Laraba da hantsi, a gaban 'yan aji huɗu. Na yanka tsagar a karkace da gangan, yadda Malam ya ce. Ina juyawa, yana fifita. Da farko ba abin da ya faru. Can sai layin nan ɗaya ya fara ƙin zama ɗaya. Ya karye nan, ya karye can, kowane yanki ya gyara tsayuwarsa ya fuskanci inda ake jansa, kuma tsakanin yanki da yanki wata tsaga ta gicciye ta fito, gefe yana gogar gefe. Matakalar da ke jikin taswira ce sak, tana haihuwar kanta a gabanmu. Wata yarinya a baya ta ce, "La ilaha illallahu, da gaske ne." Malam Isiyaku ya cire hula ya share gumi da ita, ya mayar a karkace, bai sani ba har aka tashi.

Abin da shekaru suka koya mini a bakin tiren nan ya fi abin da ke cikin littafin yara. Manyan tsagogin gicciye ba sa motsi, inda suka tsaya nan za su tsufa. Ƙananan su ne 'yan yawo. Gaɓar da ke bisa garwashi ta fi samun ruwan kaki, tsakiyarta ta yi kauri, bakinta biyu su yi sirara kamar na mai jin yunwa. Irin wannan gaɓa mai ƙoshi takan yi ta tsawo tana tura iyakarta cikin maƙwabciyarta, maƙwabciyar tana gajarcewa, wata sa'a har ta mutu ɗungurungum. Kuma duk inda iyaka ta yi tafiya sai ta bar sawu a bayanta, kamar kan kibiya, a gefe biyu na tsagar. Malam ya ce haka masana ke karanta tarihin teku, daga sawun nan. Abin da tirena ke yi kafin shayi ya huce, teku yana yinsa a shekara miliyoyi.

Yara ba sa son wa'azi, suna son kokawa. Don haka na ɗauki al'adar raɗa wa gaɓoɓin sunayen garuruwa. Wannan Wanke, wannan Wonaka, wannan Tsafe. Aji ya rabu, kowa yana yi wa garinsu kirari. Abin da ba su sani ba shi ne ƙafata ta dama tana ƙarƙashin tebur, kuma da babban yatsa nake tura gwangwanin garwashi inda na ga dama. Shekara da shekaru Tsafe ba ta taɓa shan kaye ba. Malam Isiyaku ya daɗe yana mamakin abin da ya sa Wonaka ke mutuwa kullum. Ran da ya gano, ya bi ni da mafici har bakin ƙofar makaranta.

Da ya yi ritaya ya koma gonarsa, ya bar mini tiren da taswirar. Na ɗaura su a bayan babur na shiga yawon makarantu. Masu kirana iri-iri ne. Akwai shugaban makarantar da ya tsaya a kaina da agogo yana cewa in ɗan taimaka wa tekun, an kusa kaɗa ƙararrawa. Akwai wanda ya ce in zo da teku amma kada in zo da wuta.

Wanda ba na mantawa bai ma shafi makaranta ba. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci wani Alhaji mai motocin haya ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya.

"Malam Bawa, an ce kana raba ƙasa da kyandir."

"Ana faɗa, Alhaji."

"To mutum biyu ne. Mamman da Lawali. Sun haɗa motocinsu wuri ɗaya, sun kwashe mini fasinjan Bungudu kaf. So nake a raba su."

Na ce ya shigo. Na hura gawayi, na ce aikin ba ya ci sai mai buƙata ya yi fifita da hannunsa. Na nuna masa gefen hagu na ce ga Mamman, na dama Lawali. Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya yi fifita kusan awa guda, gumi har cikin takalmi. Da ya ga gefe biyu sun fara nisa da juna sai ya washe baki. Can ya sunkuya ya ga sabon kaki yana tasowa a tsakani, yana manne wa kowane gefe.

"Wannan kuma mene ne?"

"Arzikinsu ne, Alhaji. Irin wannan rabuwa, duk takun da suka yi, kowa filinsa ƙaruwa yake."

Ya ajiye maficin a hankali, ya kaɗe riga. Ya ce, "Ashe kai ba boka ba ne, shaƙiyyi ne." Na ce, "Alhaji, ai da ka tambaya tun a ƙofa."

Mummunar shekarar ta zo ne ta inda ban zata ba. Tocila mai caji ta cika kasuwa, kowace rumfa fari fat, mutane suka daina sayen kyandir. Irin wanda na saba da shi, mai kwali shuɗi, ya ɓace. Wanda ya rage a kantuna wani sabo ne, fari, kyakkyawa, ya ma fi tsohon ƙyalli. Na saya ban gwada ba, don a lokacin na fara jin cewa ni ne teku. A shekarar aka tara makarantu a Bungudu don baje kolin kimiyya, aka sa ni a tsakiyar fili, ga manya a kan kujeru, ga ɗalibai sun kewaye ni har kan katanga. Na yi bayanina da murya mai ƙarfi. Na yanka, na fara juyi. Fatar ta ƙi karyewa. Sai miƙewa take kamar cingam, zare-zare, tana lanƙwasa. Na sake narkawa, haka. Na sake, haka. A karo na uku wani malami ya ce a lasifika, "To, da alama yau tekun yana hutu." Fili ya ɗauki dariya. Na je nuna kunyar teku, na dawo da tawa a bayan babur.

Labari irin wannan ya fi babur gudu. Makarantun da suka sa mini rana suka fara aiko da uzuri. Kafin ƙarshen zango ba mai kirana ko ɗaya. Na kwashe iyali muka koma Gusau, unguwar Damba, na koma ƙera ƙofa da gadon katako. Amma kowace Asabar sai na hura gawayi a bayan gida. Na gwada kakin zuma daga Wanke, ya yi laushi da yawa. Na gwada kyandir ja, na gwada kore, na gwada mai ƙamshi. Wata bakwai ina ƙona gawayi a banza, har maƙwabta suka fara tambayar matata ko lafiya.

Wata tsohuwa ce ta fitar da ni. Ina tsugune a wata rumfa a kasuwar Gusau ina gatsar kyandir ɗaya bayan ɗaya, sai na ji an ce, "Kai ɗana, mi kake ci nan awa ɗan akuya?" Na ɗaga kai na ga wata dattijuwa da buhu a gabanta. Inna Kulu ake ce mata, man shafawa take haɗawa tana sayarwa tun kafin a haife ni, kuma kaki ne ƙashin bayan sana'arta. Na gaya mata damuwata. Ban ambaci teku ba, na ce dai ina son kakin da in ya huce zai karye, ba zai miƙe ba.

Ta karɓi kyandir ɗin ta murza a yatsa ta shinshina. "Wanga an kashe mashi ƙashi. Mai sunka zuba mashi don kada shi karye a hanya." Ta buɗe buhunta ta ciro wani dunƙulen farin kaki kamar sabulun wanki. "Kawo kunnenka." Ta ɓalli gefensa dab da kunnena. Ya ce ƙas. Ta ɓalli nawa. Bai ce komai ba. "To ka ji. Kaki da kunne aka sayen shi, ba da haƙori ba. Ɗauki buhun ga ka kai mani gida, in gwada maka mai sayarwa."

Na ɗauki buhun a ka, ni da furfurata ta fara fitowa, tana gaba ina biye, tana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa ta yi sabon ɗan dako mai cin kyandir. Asabar ɗin nan matakala ta dawo cikin tirena. Sai dai kaki ya fi suna saurin dawowa. Makaranta biyu ko uku ne suka sake nemana. Sauran sun sami majigi da wayoyi, suna nuna wa yara hoto mai motsi. Na yi shekaru ina kafinta mai ajiye teku a ƙarƙashin gado.

Ina fere ƙafar kujera wata safiya sai mota ta tsaya a ƙofar shagona. Wata mata ta fito, matashiya, da jakar takardu. Ta gaishe ni ta ce tana neman Malam Bawa Mai Teku. Na ce ya tafi ƙauye, sai bayan girbi.

Ta dube ni ta dubi ƙafata. "Baba, yatsan da ke tura gwangwani ga shi nan ina gani. Ina aji ɗaya ka kashe mana Bungudu sau biyu a rana ɗaya."

Sunanta Dakta Nafisa. Ta ce tun ranar da ta ga tiren nan ta ƙudura sai ta karanci duwatsu, kuma ta karanta har ƙarshe. Yanzu ita ke riƙe da sashen ilimin ƙasa a wata babbar makaranta a nan Gusau. Masu tantancewa za su zo ranar Alhamis. In ba su amince da sashen ba, ɗaliban da suka yi shekara uku suna karatu takardarsu ba za ta yi amfani ba. A cikin abin da ta rubuta cewa suna da shi akwai na'urar nuna buɗewar ƙasan teku. Na'urar tana nan, sabuwa, mai inji da maɓalli. Sati biyu suna fama, ba ta ba su komai ba sai cingam.

Na ce, "A Bungudu, ranar baje koli, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"Kin yi dariya?"

"Na yi. A kan katanga ma nake."

"To tunda kin faɗi gaskiya, buɗe bayan motar."

Na ga na'urar. Kyakkyawa ce, ba laifi, sai dai ko a mafi nawarta ta fi hannuna gudu sau da yawa, kuma kakin da suka zuba mata bebe ne, na ɓalla a kunne bai ce uffan ba. Na ce a rufe ta da zane, a kawo mini tebur mai tsawon ƙafa.

Ranar Alhamis da hantsi suka shigo, su huɗu. Babbansu wani Farfesa ne, tsoho, siriri, fuskarsa kamar an hana shi abinci tun Litinin. Ya duba duwatsun da ke cikin kabad, ya duba madubin ƙara girma, yana ta rubutu. Da ya iso kaina ya tsaya. Ya dubi gwangwanayen madara, ya dubi mariƙin keken ɗinki.

"Dakta, wannan ce na'urar?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Shayi za a dafa mana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka taimaka da wannan za a fi saurin sha." Na miƙa masa maficin.

Shugaban makarantar, da ke tsaye a baya, ya rufe ido. Farfesa ya dubi maficin kamar an miƙa masa kaza mai rai. Sai ya ba na kusa da shi takardunsa, ya karɓa. Na ce a hankali, daga gefe, kada ya tsaya ko ƙuda ya sauka masa a hanci. Fata ta kwanta. Na yanka a karkace. Na fara juyi, numfashi uku, juyi ɗaya. Ɗakin ya yi zafi don na sa an kashe fanka. Layin ya yi ta zama ɗaya har na fara jin gumi yana bin bayana. Sannan ya karye a sama, ya karye a tsakiya, ya karye a ƙasa, matakala ta fito tsaf, gaɓa huɗu.

Farfesa ya sunkuyo har tabaransa ya kusa faɗawa ciki, amma hannunsa bai daina fifita ba. Gaɓa ta biyu ta fara tsawo, tana cin ta uku, tana barin kan kibiya a baya.

"Tsaya," ya ce, bai ɗago ba. "Malam, me ƙafarka take yi a ƙarƙashin tebur?"

Shekara talatin, mutum biyu ne kawai suka kama ni da idonsu a kan aikin, sai shi na uku. Na ce, "Garwashi nake matsarwa, ranka ya daɗe. Gaɓar da ta sami wuta ita ke cin 'yar'uwarta."

Ya juya wajen ɗaliban da ke leƙe ta taga. "Kun ji? Abin da muke ta rubuta takardu a kai ke nan. Narkakken dutse ba ya tasowa daidai a ko'ina. Inda ya taru, gaɓa ta yi ƙarfi. In ya gusa, iyaka ta bi shi." Ya dube ni. "Malam, ka taɓa ganin teku?"

"Babban ruwan da na gani shi ne madatsar Gusau da damina."

Sai na ga haƙoransa a karon farko. Ya ce yana saurayi ya yi wata biyu a jirgin ruwa a bisa wannan kunya, suna aunata da amsa-kuwwa. "Ruwa kawai na gani, sai takarda mai lambobi, sai amai. Ban taɓa ganin abin yana motsi ba sai yau. Matsar da garwashin can, ina son in ga ko ta ukun za ta rama."

Sau uku muka sake narkawa. Sauran masu tantancewar suka gaji suka tafi cin abinci, shi yana nan da mafici. An amince da sashen, kuma tun daga lokacin nake zuwa kwana uku a mako, da kujerata da inuwata.

Ranar, da Farfesa zai tafi, ya roƙi in ba shi fatar kakin ta ƙarshe, mai kan kibiya biyu, ya kai wa ɗalibansa. Na ɗaga ta a hankali na shimfiɗa a kan kwali. Na ga direbansa ya ɗora ta a bayan kujera, dab da gilashin baya, a kan wata farar babbar riga da aka ninke. Rana tana tsaka. Na buɗe baki, sai na tuna maganar shayi, na rufe.

Ba su wuce Tsafe ba wayar Dakta Nafisa ta yi ƙara. Ta saurara, ta sa hannu ta toshe baki, ta miƙo mini.

"Malam Bawa," in ji Farfesa, "tekunka ya narke a kan rigar da zan sa gobe."

"Subhanallahi. Ranka ya daɗe, ai teku ba ya son tafiyar mota."

"Ka ga inda aka ajiye shi, ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

Sannan ya ce, "To sai ka ɗauko tiren ka zo da kanka, wata mai zuwa. Ɗalibai ɗari biyu gare ni."

Na ce, "Zan zo. Amma a nemi mafici mai kyau, don ba na canza mai fifita in na sami wanda ya iya."